Igiyoyin Babban Filafili a Tsohon Jirgin Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan amsoshi domin wanda ya mallaki tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska ne, irin na faiba mai tsawon ƙafa 25 zuwa 32 da aka yi ta ƙerawa a Amurka da Kanada da Ingila daga 1959 zuwa ƙarshen shekarun 1970, su Pearson Triton, Alberg 30, Westerly Centaur, Catalina 27 da Contessa 32. Gangar jikin waɗannan jirage tana da ƙarko, shi ya sa har yau suke kan ruwa. Kayan sama ne ke tsufa. Ra'ayina tun farko shi ne: idan igiya ta ƙi jawuwa a tsohon jirgi, ba safai matsalar take zama rashin ƙarfin hannu ba. Ko dai wani abu ya cije, ko igiyar tana miƙewa, ko mazaunin ƙarfen ya ruɓe. A gyara waɗannan uku kafin a kashe ko sisi kan sabbin kaya.

Wace igiya ce ke yin wane aiki?

Babban filafili zane ne mai kusurwa uku. Gefensa na gaba yana manne da jigo, wato doguwar sandar da ke tsaye a jirgin, gindinsa yana kan sandar kwance da ake kira bum, gefensa na baya kuma a sake yake, iska ta nan take fita. Haliyad ita ce igiyar da ke ɗaga shi daga kai har saman jigo. Kaningham tana jan gefen gaba zuwa ƙasa ta wani zobe da ke sama kaɗan da kusurwar ƙasa. Ta samo suna daga Briggs Cunningham, Ba'amurken da ya tuƙa jirgin Columbia ya lashe gasar Kofin Amurka a 1958. Authol tana jan kusurwar baya ta bi tsawon bum, don ta miƙe gindin zanen. Ragama ita ce babbar igiyar da matuƙi ke riƙe da ita kullum, wadda ke jawo bum ciki ko ta sake shi waje. Ƙasanta yana maƙale da tirabla, wato siririn dogo da aka shimfiɗa a gicciye da ɗan ƙarfe mai gudu a kansa. Bang kuma tana tashi daga gindin jigo zuwa ƙasan bum, aikinta hana bum ɗagawa sama. Sai igiyar rataya da ke riƙe wutsiyar bum lokacin da aka sauke zane, da igiyoyin rage filafili idan iska ta yi yawa.

Duk wannan tarin igiya abu uku kawai yake sarrafawa: zurfin tumbin zanen, wurin da tumbin yake, gaba ko baya, da yadda saman zanen ke buɗewa ya zubar da iska.

Na sayi jirgin, komai yana da nauyin ja. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da kanti. Ka zaɓi safiyar da babu iska, ka ɗaga zanen a bakin gaɓa, ka bi kowace igiya da ido da hannu daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare. A kowane fuli, wato ɗan gargaren da igiya ke bi ta kansa, ka tsaya, ka cire igiyar, ka juya shi da yatsa. Wanda ke da lafiya zai juya sumul. Wanda ya cije za ka ga igiya ta ci gefe ɗaya ta yi masa rami, robar ta yi fari tana fitar da gari, wani ma ya tsage. Igiya a kan fulin da ba ya juyawa gurzawa kawai take yi, rabin ƙarfinka nan yake tafiya.

Ka duba kuma ko igiyar ta yi wa ramin fulin kauri. Wannan ya yi yawa a tsofaffin jirage: wani mai jirgi a baya ya ga igiya mai kauri ta fi daɗin riƙo, ya cusa ta milimita 12 a fulin da aka yi wa ta 10. Igiyar da ta shekara tana shan gishiri ma kumbura take yi ta sandare. Ruwan daɗi mai ɗumi da ɗan sabulu kan farfaɗo da fuli da yawa da aka yanke wa hukuncin zubarwa. Kada ka sa giris ko baƙin mai, ƙura za su tara. Mai busasshe na silikon ya isa, a fuli da kuma cikin kwararon jigo inda maɓallan zanen ke bi. In babu, goga kyandir ko busasshen sabulu.

Haliyad ɗina rabi waya ce rabi igiya. In bar ta?

A wancan zamani waya ce kaɗai ba ta miƙewa, shi ya sa ake saƙa ta da igiya. Yanzu an wuce nan. Ka ɗauki tsumma ka shafi wayar daga sama har ƙasa. In tsumman ya maƙale, silin waya ya karye, kuma irin wannan sili yana yanka tafin hannu yana yaga zane. Haɗin wayar da igiyar ma ciki yake ruɓewa inda ido ba ya gani. Ni shawarata a mayar da ita igiya zalla.

Amma kafin nan sai an hau saman jigo ko an sauke shi an duba fulin can. Ramin fulin waya siriri ne, kuma shekaru sun sa wayar ta kakkarce shi ya yi kaifi. In ka sa sabuwar igiya a kai, cikin damina ɗaya zai cinye ta. A canza fulin zuwa mai faɗin rami, ko a ba mai injin sassaƙar ƙarfe ya buɗe shi ya goge. A tabbata kuma babu sarari tsakanin fulin da bangonsa inda igiya za ta zame ta faɗa, domin haliyad da ta maƙale a sama tana nufin zane ba zai sauka ba, komai ƙarfin iskar da ta taso.

Wajen zura sabuwa ta cikin jigo, ka haɗa bakinta da bakin tsohuwar, ka ɗinke su da allura da zare mai ƙarfi, ka naɗa tef siriri a kai, sannan ka ja a hankali. Tef kaɗai ba ya riƙewa. A saman jigo zai saki.

In kuma jirginka yana da tsohon winci, wato na'urar jan igiya da ake murɗawa da mariƙi, irin wanda ke naɗe waya a jikinsa, mai birki, ka cire shi. Idan aka saki birkin alhali mariƙin yana ciki, mariƙin juyawa yake yi da gudu, ya karya wuyan hannu ko ya fasa fuska. Kafin ka samu damar cirewa, ka riƙa zare mariƙin tukuna kafin ka taɓa birki.

Wace irin igiya zan saya? Ta kasuwa ba za ta yi ba?

Shuɗiyar igiyar roba da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ta wannan aiki ba ce. Rana tana ƙona ta ta zama gari, tana santsi a winci, ƙulli ba ya zama a jikinta. Nailan kuma yana da ƙarfi amma miƙewa yake yi, ya dace da anga da ɗaure jirgi a gaɓa, inda ake son igiya ta sha girgiza, bai dace da haliyad ba.

Ga ragama da yawancin ƙananan igiyoyi, foliyesta mai saƙa biyu, ciki da riga, ita ce daidai: tana jure rana, tana da laushi, ba ta da tsada sosai. Milimita 10 ga ragama, don jin daɗin hannu ba don ƙarfi ba. 6 zuwa 8 ga authol da kaningham. Ga haliyad, milimita 8 zuwa 10, foliyesta marar miƙewa sosai ko mai cikin Dyneema, wani zare mai ƙarfi da kusan ba ya miƙewa. Tsawonta ninki biyu na tsayin jigo, ka ƙara abin da zai kai ta maɗaurinta da ɗan rara, yadda za ka riƙa datse bakin da ya goge kana matsar da wurin da ke shan wahala.

Game da Dyneema, tana da kyau ƙwarai, amma ka yi tunani. In zanenka ya shekara ashirin ya saki jiki, shi ma miƙewa yake yi, igiya mai tsada ba za ta gyara masa fasali ba. Kuma tana da santsi, ƙulli yana zamewa yana rage mata ƙarfi. Saƙa mata ido ake yi. In za ta shiga maƙali mai haƙora ko winci, sai mai riga.

Yaya zan san na ja haliyad daidai?

Zanen ne zai gaya maka. Kana tafiya kana tunkarar iska, in ka ga ƙananan tamoji a kwance suna fita daga jigo, ba ta jawu ba. In ka ga wani dogon ninki a tsaye yana bin jigo daga sama zuwa ƙasa, ta wuce. Abin da ake nema shi ne tamojin nan su ɓace da kyar, kuma wuri mafi zurfi na tumbin ya tsaya kusan rabin faɗin zanen ko gaba kaɗan, wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari daga jigo. Ka tsaya ƙarƙashin bum ka dubi sama, ɗinkin da ke gicciye zai nuna maka lanƙwasar.

Iska na ƙaruwa, tumbi na gudu baya. Sakamakonsa jirgi ya kishingiɗa, sandar tuƙi ta yi nauyi. A nan kaningham ke da rana: ƙara jan haliyad alhali zane cike da iska wahala ce, kuma kan zanen ya riga ya kai ƙurewa, amma jan gefen gaba zuwa ƙasa abu ne mai sauƙi. Wasu tsofaffin jirage ba su da kaningham, wuyan bum ɗin ne ke zamewa sama da ƙasa a jikin jigo, da igiya a ƙarƙashinsa. Aiki ɗaya suke yi, kuma in yana aiki ka bar shi. In babu ko ɗaya, mai ɗinkin filafili zai sa maka zobe mai ƙarfi kimanin taƙi ɗaya sama da kusurwar ƙasa, ka rataya ƙugiya da fuli mai ninki huɗu. Cikin duk gyare-gyaren da ake yi wa tsohon jirgi, da wuya a sami wanda ya kai wannan arha da amfani.

Kafin ka ja haliyad, ka saki ragama da bang. Mutane da yawa suna kokawa da winci ba su san igiyoyinsu na ƙasa ne ke ja da su ba. Ranar da ka dace da jan da ya yi daidai, ka sa alama da zare mai launi a jikin igiyar.

Ninki nawa ya kamata kowace igiya ta samu?

Hannu yana jan kimanin kilo 20 zuwa 25 ba tare da wahala ba. Ninki huɗu yana mayar da wannan kusan kilo 80 zuwa 100, a cire abin da gurzawa ta ci, amma sai ka ja mita huɗu kafin bum ya matsa mita ɗaya. Ga jirgi mai ƙafa 25 zuwa 30 da ragamarsa ke wutsiyar bum, ninki huɗu ya saba isa. Wanda ya fi haka girma, shida. Authol biyu zuwa huɗu. Bang huɗu a ƙalla, takwas ya fi, kuma hanya mai sauƙi ta samun takwas ita ce a rataya mai ninki huɗu a wutsiyar igiya mai ninki biyu.

Kada ka ƙara ninki don ka rinjayi fulin da ya cije. Za ka tara tulin igiya a ƙafarka, kuma ranar da kake so zane ya fita da sauri cikin iska marar ƙarfi, ba zai fita ba sai ka tura bum da hannu.

Tsakanin ragama da tirabla, wanne zan taɓa?

Idan kana tunkarar iska bum yana kusa da tsakiya, ragama ƙasa take ja fiye da gefe. Ke nan ita ke matse gefen baya ko ta sake shi. Tirabla kuma yana matsar da bum gefe ba tare da canza wannan matsi ba. Ma'aunin da aka saba shi ne sandar aljihu ta can sama, ɗaya daga siraran sandunan da ake cusawa a gefen baya: ka leƙa daga ƙarƙashin bum, a iska matsakaiciya ta yi daidai da layin bum. In ta karkato ciki, ka matse da yawa, jirgi zai kwanta ba ya gudu. Ka ɗinka ɗan ƙyalle marar nauyi mai tsawon taƙi a bakin kowane aljihu. Na ƙasa su riƙa kaɗawa baya koyaushe, na sama kuma yana kaɗawa yana ɓuya bayan zanen jefi-jefi.

A iska mai laushi, ka sassauta ragama don sama ta buɗe, ka jawo tirabla ɓangaren da iska ke fitowa don bum ya dawo kusa da tsakiya. Kada bum ɗin kansa ya wuce tsakiya. Idan iska tana zuwa da bugu-bugu, ka bar ragama a ɗaure, bugu ya zo ka saki tirabla, ya wuce ka dawo da shi.

Jiragen shekarun 1960 irin Triton da Alberg suna da dogon bum da faffaɗan zane, don haka sandar tuƙinsu tana saurin nauyi, jirgi yana son juya kai cikin iska. Kaɗan daga wannan abin so ne, yana ba hannu labarin jirgi. Amma in kana jan sandar har ƙirjinka, allon tuƙi da ke cikin ruwa ya zama birki. Da yawansu kuma tirablan gajere ne, mai fil da ake cirewa a matsar, wanda ba ya motsi in zane na cike. Sa masa igiya mai ninki biyu ko uku kowane gefe yana canza tuƙin jirgin baki ɗaya. Na shekarun 1970 da yawa bum ɗinsu gajere ne, zanen gaba, wato filafilin da ke gaban jigo, shi ne babba, can sau da yawa zanen gaba ake fara ragewa.

Ragama tana damuna a mazaunin matuƙi. Zan iya mayar da ita tsakiyar bum, saman ɗaki?

Za ka iya, amma ka san farashinsa. In ka dawo da ita rabin tsawon bum, nauyin da take ɗauka ya ninka biyu, kuma bum ɗin da aka ƙera don a ja shi daga wutsiya yanzu ana lanƙwasa shi daga ciki. Siririn tsohon bum yana iya karyewa a daidai wurin, musamman in akwai tsofaffin hudoji. Sai an raba nauyin a wuri uku a jikinsa, an ƙara ninki ko an kai igiyar winci, an kuma ƙarfafa rufin ɗakin daga ƙasa. Ga wanda ke tuƙi shi kaɗai akwai wata asarar: ragama ta yi nisa da hannunsa. Ni na fi son a bar ta inda mai zanen jirgin ya sa ta.

Jirgina ba shi da bang sam. Dole ne?

Da zarar ka saki bum ya wuce ƙarshen tirabla, ragama ta daina ja ƙasa. Bum ya ɗaga, saman zanen ya murɗe ya zube gaba yana gugar wayoyin da ke riƙe jigo, jirgi ya shiga rangaji hagu da dama. Bang ce maganin wannan. Ana maƙala ta a bum kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tsawonsa daga jigo, a can ƙasan jigon kuma iya yadda za ta sauka, don kwanarta ta kai digiri 30 zuwa 45. In bum ya yi kusa da rufin ɗaki kwanar ta kwanta, yawancin ƙarfin tura bum cikin jigo zai yi, wuyan bum ya sha wahala.

Dalilin da ya sa jirage da yawa na wancan zamani ba su da ita shi ne bum ɗinsu mai juyawa ne, ana naɗe zane a jikinsa kamar tabarma, babu inda za a kafa ƙarfe. Akan yi amfani da wani zobe mai buɗaɗɗen baki da ke rungumar bum, amma yana cin zane. Wannan ya kai mu tambaya ta gaba.

Abu ɗaya da za a riƙe: iska mai ƙarfi tana bugowa daga gefe, jirgi ya kwanta wutsiyar bum tana neman taɓa ruwa, bang ake saki nan take. Saboda haka wutsiyarta ta kasance inda hannu zai kai.

Bum ɗina mai naɗe zane ne. Ya cancanci a canza tsarin rage filafili?

Ƙwarai kuwa, kuma in kuɗinka na gyara ɗaya ne, wannan ne. Naɗewa a bum yana ba da zane mai jakar tumbi da wutsiyar bum a sunkuye, a daidai lokacin da kake bukatar zane shimfiɗaɗɗe. Kuma mutum yana tsaye a gindin jigo yana murɗa mariƙi yayin da jirgi ke tsalle.

Ba sai ka sayi sabon bum ba. A kulle shi ya daina juyawa. Mai ɗinki ya sa zobba biyu a kowane mataki, ɗaya a gefen gaba ɗaya a gefen baya, da faci mai kauri a kewaye. A jirgi mai wannan girma matakin farko yakan kasance kusan mita ɗaya ko sama kaɗan daga bum. Mataki biyu ya isa yawo kusa da gaɓa, uku ga mai nisan tafiya. A wuyan bum a sa ƙugiya. A gefen bum kuma a kafa fuli kwance ga kowane mataki, kuma wurin kafa shi ne sirrin aikin duka. Ka sauke zanen zuwa matakin, ka ja zoben baya da hannu har gindin ya miƙe, ka ga inda ya sauka a jikin bum, ka kafa fulin 'yan santimita baya da nan. Haka igiyar za ta ja ƙasa da baya lokaci ɗaya. In fulin ya yi gaba, gindin zane ba zai taɓa miƙewa ba. In ya yi baya da yawa, zoben zai tsaya a sama yana lilo. Igiyar tana farawa daga ɗaya gefen bum, ta hau ta ratsa zoben, ta sauko fulin, ta bi bum zuwa maɗauri kusa da jigo.

Yadda ake yi a kan ruwa, bi da bi: ka kusanci iska, ka saki bang da ragama har zane ya fara kaɗawa. Ka ɗaure igiyar rataya ta ɗauki nauyin bum. Ka sauke haliyad zuwa alamar da ka sa, ka maƙala zoben gaba a ƙugiya, ka sake jan haliyad da ƙarfi. Sai bayan nan ka ja igiyar baya har zoben ya sauka kan bum. In ka fara jan ta baya kafin gefen gaba ya miƙe, za ka fizge maɓallan zanen daga jigo. Ka saki igiyar rataya, ka jawo ragama, ka mayar da bang. Ƙananan igiyoyin da ke tsakiyar zanen na tattara rarar ne kawai, a ɗaure su sako-sako, kuma su ake fara kwancewa in za a mayar da zane cikakke. Wanda ya manta su ya ɗaga, zane zai yage daga tsakiya.

Ka gwada wannan a gaɓa har hannunka ya haddace shi, sannan a iska mai laushi, kafin ranar da za ka bukace shi da gaske.

Yaushe zan rage?

Ƙarfin iska a jikin zane ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudu ya ninka biyu, ƙarfi ninki huɗu yake yi. Daga not 10 zuwa not 20 (not ma'aunin gudu ne na matuƙan jirgi), wato daga kusan kilomita 18 zuwa 37 a awa, kowace igiya da kowane ƙarfe suna ɗaukar ninki huɗu. Yawancin waɗannan jirage suna son matakin farko wajen not 15 zuwa 18. Amma ba sai da na'ura ba: in jirgi yana kwanciya fiye da digiri 20 zuwa 25 a kai a kai, ka riga ka ja authol da kaningham, ka saki tirabla, sanda kuma har yanzu tana ja, lokaci ya yi. Sau da yawa za ka ga gudu bai ragu ba. Wanda ke tuƙi a gaɓar Legas ko wani wuri a gaɓar Afirka ta Yamma ya san yadda hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas, baƙi ƙirin, da iska a gabansa. Da ganinsa ake ragewa ko a sauke duka.

Authol ɗina ƙulli ne kawai a wutsiyar bum. Ya isa?

Ya isa ya riƙe zane, bai isa ya sarrafa shi ba. Ƙaramin fuli biyu da maƙali a ƙasan bum inda hannu ke kaiwa sun wadatar. In ka sa duk da haka ya ƙi motsi, igiyar da aka ɗinka a gindin zanen ce ta ƙanƙance ta cije a kwararon bum. Mai ɗinki zai warware bakinta ta saki. Wasu sukan cire gindin daga kwararon gaba ɗaya, su riƙe kusurwar baya da maɗauri mai ƙarfi da ya zagaye bum. Iska ta yi ƙarfi a ja sosai, matsakaiciya a sassauta kaɗan, in iska na bugowa daga gefe a ƙara sakewa. Yawancin tsofaffin jigo masu kauri ne ba sa lanƙwasuwa, don haka jan wayar da ke riƙe jigo daga baya ba ya shimfiɗa babban zane sosai. Authol da kaningham su ne abin da kake da shi.

In kawo duk igiyoyi mazaunin matuƙi?

Kowane kwana da igiya ta yi yana cin ƙarfi, kuma yana ɗora wa jirgi nauyi. Fulin da ke juya igiya kwana digiri 90 yana ɗaukar kusan ninki 1.4 na nauyinta. Wanda ke mayar da ita baya gaba ɗaya, ninki biyu. Fulin gindin jigo kuma sama yake jan doron jirgi. Abin da na fi ƙi shi ne rabi da rabi: haliyad a baya, ƙugiya da igiyar ragewa a jigo, mutum ɗaya yana safa da marwa a kan jirgi mai tangaɗi. Ko duka a jigo, ko duka a baya. Bang da kaningham kam, kawo su baya yana da amfani kuma nauyinsu bai kai na haliyad ba.

Yaya zan kafa sabon ƙarfe ba tare da na lalata jirgin ba?

Doron yawancin waɗannan jirage faiba ne sama da ƙasa, da katakon balsa ko filawud a tsakiya. Ruwa ya shiga ta hudar bol, katakon ya ruɓe, doro ya yi laushi. Tun ran gini ran zane: ka huda rami mafi faɗi, ka ƙwaƙule katakon kewaye, ka cika da gam ɗin ifoksi mai kauri, ya bushe, ka sake huda daidai bol ɗin. Ka sa abin toshe ruwa mai laushi irin butil, ba gam mai kamawa har abada ba. A ƙasa a sa faranti mai kauri, ba washa kaɗai ba. Sukuru da ke cizon faiba kawai ba ya riƙe abin da ke ɗaukar nauyi.

A jikin jigo da bum matsalar daban ce. Ƙarfe marar tsatsa in ya haɗu da alminiyam cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Farin garin da kake gani kewaye da tsofaffin ƙarafa, da fentin da ya kumbura, shi ne alamar. Ka cire wuyan bum da mazaunin bang ka duba ƙarƙashinsu. Wajen mayarwa ka shafa man hana cin ƙarfe irin Duralac ko Tef-Gel a kowane bol da ribit, ka sa siririn roba tsakanin ƙarafan biyu, ka yi amfani da ribit na ƙarfen monel. Kada ka jera hudoji a layi ɗaya kewaye da bum.

Me zai hana bum tsallakowa ba zato idan iska tana baya?

Igiyar tsaro. Ta tashi daga wutsiyar bum, ta tafi fuli a goshin jirgi, ta dawo mazaunin matuƙi inda za a iya sakinta tana ɗauke da nauyi. Kada a ɗaure ta daga tsakiyar bum zuwa gefen jirgi. Wutsiya ta tsoma ruwa, bum ya karye. Dogon bum na tsohon jirgi yana wucewa daidai tsayin kan mutum, kuma bugunsa yana kisa ko ya jefa mutum ruwa. Duk baƙon da ya hau jirginka, wannan ne abu na farko da za ka nuna masa.

Gefen baya yana karkarwa. Me zan ja?

Siririyar igiyar da ke cikin ɗinkin gefen. Ka ja har karkarwar ta tsaya, kada ka ƙara. Ka duba kuma igiyar rataya a sake take, don in ta ɗaure tana ɗauke nauyin da ya kamata gefen baya ya ɗauka.

Na gyara komai, amma tumbin ya ƙi dawowa gaba.

To zanen ne ya gaji. Ka kwanta ƙarƙashin bum ka ɗauki hoto zuwa sama kana tafiya, ka kai wa mai ɗinkin filafili. Wani zanen ana iya rage masa lanƙwasar gaba ya ƙara 'yan shekaru. Ka gwada ƙarfin yadin: ka karci zaren ɗinki da farce, in ya tsinke rana ta gama da shi, in allura mai kauri ta yaga yadin da ɗan ja, ɗinki ba zai cece shi ba.

Sabo ko tsoho, a ƙasashenmu rana ce babbar abokiyar gabarsa. A rufe shi da riga duk lokacin da aka sauke, a sassauta authol da kaningham kafin a tafi gida, a ja haliyad nesa da jigo don kada ta kwana tana bugunsa. Lokacin hunturu ƙura tana haɗuwa da gishiri a cikin fuli da saƙar igiya tana ci daga ciki, don haka a riƙa ɗauraye su da ruwan daɗi. Sau ɗaya a shekara a juya ragama da haliyad, kai ya koma wutsiya, wurin da ke kan fuli ya huta.